Amsa ga mai tafiya Japan da kyamarar aro: furanni, fadoji da wuraren bautar Buda

Wani ƙanena da za a tura kwas na sati biyu a Osaka farkon watan Afrilu ya turo min tambaya. Yace yana da waya mai kyau, sannan yayansa ya ara masa Canon mai lenis ɗin nan 18-55 da ake haɗo kyamara da shi, burinsa ya dawo da hotunan lambunan furanni da tsofaffin fadojin Japan da wuraren bautar mabiya addinin Buda irin waɗanda yake gani a Instagram, shin ya sayi sabon lenis kafin ya tashi, kuma wane saiti zai riƙa sa wa kyamarar.

Toh ƙanena, Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Maganar lenis kam ka manta da ita, kar ka sayi komai. Kuɗin ka riƙe abinka, ka kama ɗaki dare ɗaya a Himeji, garin da shahararriyar farar fadar Japan take, dare ɗaya ko biyu a Kyoto kusa da inda kake son ɗauka, wallahi abin da kwanan nan zai ƙara wa hotunanka babu lenis ɗin da zai ƙara musu. Na daɗe a harkar nan, da hoton biki da na hawan sallah na fara, daga baya karatu ya kai ni yankin Kansai, inda Osaka da Kyoto da Himeji suke, na yi shekara uku ina yawo da kyamara duk ranar da babu aji, kuma zuwana Himeji na farko da tsakar rana na isa, na taso daga Osaka bayan na gama karyawa a tsanake kamar wani ango, na tarar rana ta take tsaka, mutane kuma kamar an buɗe kasuwar Kurmi, na ɗauki hoto ya fi 300, da na koma ɗaki na zuba su a kwamfuta babu ko ɗaya da na iya turawa gida. Fadar da duniya ta san ta da fari ta fito min ruwan toka kamar tsohuwar rigar makaranta, sararin sama shi ma haka. Kyamarar nan dai da ita na koma bayan sati uku, na kwana a garin na fita bayan sallar asuba, hoton da na ɗauka a ranar har yau yana rataye a falona.

A farkon Afrilu rana tana fitowa a wannan yankin wajen biyar da rabi da 'yan mintoci, ta faɗi wajen shida da ashirin na yamma. Kuma akwai wani abu da zai ba ka mamaki in ka saba da hasken gida, Kano tana wajen digiri 12 ne a arewacin tsakiyar duniya, Kyoto kuma wajen digiri 35, saboda haka a can rana a kaikaice take hawa, hasken nan mai laushi mai ruwan zuma da yake guje mana a gida cikin ɗan lokaci, a can yana ɗan jimawa ka samu ka yi aiki. Mu kuma Allah ya hore mana abin da yawancin 'yan yawon buɗe ido ba su da shi, tashin asuba ba baƙon abu bane a wurinmu. Ka idar da sallah, ka sha ruwan zafi, ka ɗauki jaka ka fita, kafin motocin baƙi su fara sauke mutane wajen tara ka riga ka gama abin da ya kawo ka. Ka tafi da rigar sanyi, safiyar Afrilu a can ta fi hunturunmu cizo kuma yatsa in ya sandare riƙe kyamara ma aiki ne.

Saiti kuma, maɓalli ɗaya nake so ka koya kafin ka hau jirgi. Ka juya kyamarar zuwa Av, saitin da kai kake zaɓar buɗewar lenis ita kuma ta zaɓi gudun ɗauka, a bayanta zaka ga wani ɗan maɓalli mai alamar ƙari da ragi, ka danne shi ka murza ƙaramar tayar da ke kusa da inda kake danna hoto, zaka ga wata 'yar alama tana tafiya dama ko hagu. Dama ƙarin haske, hagu ragi. A waya kuma ka taɓa abin da kake son ɗauka a sikirin, zaka ga hoton rana ya fito, sai ka ja shi. Dalilin da yasa nake nanata wannan, kyamara bata san fari ba bata san baƙi ba, ma'aunin hasken da ke cikinta an gina shi ne a kan tunanin cewa duk abin da ka nuna mata in aka cakuɗa shi wuri ɗaya zai ba da ruwan toka matsakaici. In ka cika mata ido da farin abu sai ta ce haske ya yi yawa ta rage, farin ya koma toka. In ka cika mata da baƙi sai ta ƙara, baƙin ya koɗe. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hakimi cikin farar babbar riga da farin rawani ranar hawan daushe ya ga rigar ta fito kamar ba a wanke ba, to ciwon kenan, maganinsa kuma ka ƙara +0.7 ko +1. Abubuwa ukun da ka lissafa kowannensu ta nan yake yaudarar kyamara, farar fada da sakura, furen bishiyar ceri mai launi kusan fari, suna sa ta rage haske, duhun cikin wurin bauta yana sa ta ƙara fiye da kima.

Mu fara da fada tunda ita ta fi ba ni wahala. Fadojin Japan da babban benensu na asali yake tsaye tun zamanin da guda 12 ne kacal suka rage, sauran an sake gina su ne. Ta Osaka da zaka riƙa gani kullum, benen nata na kankare ne da aka yi a 1931, har lifta ce a ciki, daga waje tana da kyau musamman katangar duwatsun da gwalalon ruwan da ya zagaye ta, ka je da yamma bayan aji ka gwada hannunka a kanta. Amma ta gaske Himeji ce, kusan awa ɗaya daga Osaka a jirgin ƙasa mai sauri na talakawa, ba sai ka biya kuɗin shinkansen, jirginsu mafi gudu, ba. An gama babban benenta a 1609 zamanin Ikeda Terumasa, ta tsallake ruwan bama-baman 1945 da ya ƙone garin, ta tsallake girgizar ƙasar Kobe ta 1995, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1993, an kuma yi mata babban gyara daga 2009 zuwa 2015 aka sabunta farin shafen har na tsakanin tayil ɗin rufi. Suna kiranta Shirasagi-jo, mu ce fadar balbela, kuma in ka gan ta da safe a kan tudunta da gefen rufin nan masu lanƙwasa zaka yarda da sunan. Kana fitowa daga tasha zaka hango ta a ƙarshen titi ɗoɗar, tafiyar minti 15 zuwa 20 a ƙafa.

Kuskuren da kowa ke yi, kuma na yi shi, shi ne ka je gindin bene ka ɗaga kyamara sama lenis yana kan 18, inda ya fi kwaso faɗi. Ginin zai fito kamar yana faɗuwa ta baya, ƙasa faɗi sama tsini, saboda da zarar ka karkata kyamara layukan da suke tsaye sai su fara haɗuwa. A waya in ka sa 0.5, wato lenis mai kwaso faɗi, abin ya fi muni. Ka ja da baya sosai, ka miƙe kyamarar daidai ƙirjinka ko idonka ba tare da ɗaga bakinta ba, ka zuƙo zuwa 40 ko 55, in ƙasa ta yi yawa a hoton ka yanke ta daga baya. Wajen da ake biyan kuɗi sai ƙarfe 9 ake buɗewa, amma babban filin gaba, Sannomaru, kyauta ne, kuma bishiyoyin sakura sun zagaye shi, a harabar fadar gaba ɗaya sun kai kusan 1,000. Da sassafe ka nemi reshen da ya sauko ƙasa, ka bar shi ya rufe saman hoton da gefe guda, fadar tana leƙowa ta tsakiya, buɗewar lenis ka sa ta a f/8, ka saita ido a kan fadar ba a kan furen ba. Ka kuma zagaya gefen gwalalo kafin iska ta tashi ta ɓata ruwan, nan ne zaka samu katanga biyu, ta sama da ta cikin ruwa. Da yamma kuma ka koma ɓangaren yamma, lambun Nishinomaru, rana tana bayanka tana dukan farin bango. In ƙafarka tana da ƙarfi akwai wani ɗan tudu a arewa maso yamma, Otokoyama, matakala kusan 200, daga can kana kallon fadar kusan ido da ido, ƙananan benaye uku da babban duk a hoto ɗaya.

Ciki kuma kar ka sa rai da yawa, babu kujerun sarauta babu ado, katako ne baƙi da matakala masu tsayi kamar tsani, takalminka ma a leda zaka riƙe shi. Abin da na fi so a ciki haske ne da yake shigowa ta taga ya kwanta a kan daɓen katako, nan sai ka koma ragi, -0.7 ko -1, don duhun ya zauna a duhunsa. A hanyar hawa kuma ka lura da ramukan da ke jikin katanga, wasu zagaye, wasu kusurwa uku, wasu huɗu, na harbin kibiya da bindiga ne, ka durƙusa ka leƙa ta ɗaya ka ɗauki abin da ke bayansa, ramin ya zama firam. In wata rana ka kai Matsumoto a jihar Nagano, ita baƙa ce, fadar hankaka suke ce mata, kuma abin dariya da baƙin da farin da ke jikinta ta fi kama da hankakanmu mai farin ƙirji fiye da nasu, a can ragi zaka yi ba ƙari ba.

Yanzu ga wata matsala da ba zaka ji Turawan YouTube suna maganarta ba, hoton kanka. Baƙar fata a gaban farin gini da rana, in ka ba wani ya ɗauka maka yadda kyamara ta ga dama, fuskarka zata zama inuwa, haƙori da ido kawai za a gani, in kuma aka haska fuskar fadar ta ƙone ta ɓace. Abin yi, kar ka tsaya rana tana bayanka, ka juya ta zo maka ta gaba a ɗan kaikaice, kuma da safe ko yamma lokacin da bambancin hasken bai yi yawa ba. In dole da rana ne ka ɗaga ƙaramin filashin kan kyamara, eh da rana tsaka, ka tsaya bai fi taku uku daga mai ɗauka ba, zai cike inuwar fuska ba tare da ya taɓa ginin ba. Kar ka sa farar shadda ranar, ka sa mai duhu kaɗan, shuɗiya ko ruwan ƙasa. Kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara bata matse ba, yana cin memori amma shi zai ba ka damar ɗago fuskar a editin ba tare da fata ta koma wani launi ba.

Sai furanni. Hotunan da ka turo min guda biyu, na tudun nan shuɗi da na furen da ke zubowa daga sama kamar labule, gaskiya da wuya ka same su a wannan tafiyar. Tudun Hitachi Seaside Park ne a jihar Ibaraki, furen sunansa nemophila, sama da miliyan 5 ake shukawa a tudun, na biyun kuma Ashikaga Flower Park ne a jihar Tochigi, furen fuji, babbar bishiyar ta haura shekara 150. Dukansu can arewa da Tokyo suke, nesa da Osaka, kuma sai tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu suke cika, ƙarshen lokacin ma ya faɗa cikin hutunsu na Golden Week, daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, da ƙasar gaba ɗaya take fita yawo. Naka rabon sakura ne, kuma ba ƙaramin rabo bane, akwai masu tara kuɗi shekara guda don shi. Sai dai fure ne mara haƙuri, daga fara buɗewa zuwa cika kusan sati ɗaya, daga cika zuwa zubewa kusan wani satin, ruwa da iska na dare ɗaya suna iya rage shi, kuma kowace shekara ranar tana matsawa, saboda haka ka riƙa duba hasashen da suke fitarwa kamar na yanayi. In ka makara ka nufi Ninna-ji a Kyoto, irin nasu gajeru ne kuma suna buɗewa a makare, wajen tsakiyar wata. Lambun tsirrai na Kyoto da aka buɗe tun 1924 shi ma ka sa shi a lissafi, a wannan lokacin zaka samu jan tulif a ƙasa sakura a sama.

Sakura a ido ruwan hoda ne mai haske ƙwarai, kusan fari, in ka ɗaga kyamara ka ɗauke shi a kan farin gajimare zai fito kamar datti a jikin takarda. Ka nemo masa baya mai duhu, rufin tayil, inuwar katanga, koren bishiyar da ke nesa, ko shuɗin sama in an samu. Lenis ɗin da kake rainawa yana iya matsawa har kusan santimita 25 daga abu, ka zuƙo shi 55, ka buɗe shi iya buɗewarsa wato f/5.6, ka matsa kusa da reshe ɗaya, ka tabbata abin da ke bayansa yana da nisa, zaka ga bayan ya narke kamar na masu tsadar nan. Babban abokin gabarka iska ce, fure baya tsayawa cak, ka sa ido kan gudun shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, kar ya sauka ƙasa da 1/500, in ya sauka ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 400 ko 800, ɗan ƙura-ƙura a hoto ya fi hoto mai rawa. Ka gwada kuma ka sa rana a bayan furen, haske ya ratso ta cikin ganyensa. Jan fure shi kuma halinsa irin na rigar dogarai ne, jan yana cika ya toshe har ka kasa ganin ninkin da ke jiki, ka rage masa -0.3 ko -0.7. Mai ruwan shunayya kuma kyamara tana son mayar da shi shuɗi, ka cire daidaita launi daga otomatik ka sa shi a alamar rana. Ranar da gari ya lumshe ko ake yayyafi kar ka kwanta a otal kana jin haushi, ranar fure kenan, babu inuwa mai kaifi, launi ya jiƙu, ka sayi lemar roba mai gani-gani a shagon kan kwana ka fita, kawai ka cire sararin sama daga hoton. In kuma ka tarar ya fara zubewa ka kalli ƙasa, ruwan gwalalo yana rufewa da shi kamar an shimfiɗa zani. Don Allah kar ka kama reshe ka janyo, balle ka girgiza don fure ya zubo maka a bidiyo, ba za su yi maka ihu ba amma kallon da za su yi maka sai ka gwammace ihun.

Wuraren bauta kuma, da farko ka san iri biyu ne don kar ka rubuta kuskure a ƙasan hoto. Wanda sunansa ya ƙare da ji ko dera ko in, galibi na addinin Buda ne. Wanda ake ce wa jinja ko taisha ko jingu, mai ƙofar nan ta ginshiƙi biyu da gicciye a sama, na addinin Shinto ne, saboda haka Fushimi Inari mai dubban jajayen ƙofofi ba na Buda bane ko da kowa yana haɗa su. Maganar hukuncin shiga ko ɗaukar mutum-mutumi ba fagena bane, ka tambayi malaminka kafin ka tashi, ni abin da zan iya ce maka ko ka ƙudura ba zaka ɗauki gunki ko ɗaya ba, rufi da ginshiƙai da lambuna kaɗai sun isa su cika maka memori. Kuma in Juma'a ta kama ka a hanyar Himeji, jirgin ta Kobe yake bi, akwai masallaci a can tun 1935, shi ne mafi daɗewa a ƙasar.

Kiyomizu-dera ƙarfe 6 na safe ake buɗe shi, shi yasa nace ka kwana a Kyoto. An kafa shi a 778, ginin da zaka gani na 1633 ne, dandamalinsa na katako ya tashi kusan mita 13 daga gangaren dutse kuma babu ƙusa a haɗin ginshiƙan. Kar ka tsaya a kan dandamalin kana neman hotonsa, ka wuce gaba zuwa ɗan ginin da ke fuskantarsa a gefe, Okunoin, daga nan ne ake ganin dandamalin da ƙafafunsa da birnin a baya. Da sassafe dutsen gabas yana tare rana, wurin yana cikin inuwa mai laushi, ya dace da katako. A hanyarka ta hawa ka bi ta lungun da hasumiyar Yasaka mai hawa biyar take tsaye a ƙarshensa, da shida saura zaka samu lungun kusan babu kowa, da goma kuwa ko ƙafarka ba zaka gani ba.

Kinkaku-ji, mai zinaren nan, sai 9 ake buɗewa, babu dabarar asuba a nan, ka dai kasance a layi kafin a buɗe. Ashikaga Yoshimitsu ne ya gina shi a 1397 a matsayin gidan hutunsa, wani matashi daga cikin masu hidimar wurin ya cinna masa wuta a 1950, aka sake gina shi a 1955, hawa biyun sama ne aka lulluɓe da zinare. Hanyar ciki gaba kawai take tafiya, in ka wuce bakin tafki ba komawa, saboda haka ka gama abin da zaka yi a nan kafin ka matsa. Zinare a rana yana ƙonewa a hoto ya koma fari-fari, ka rage -0.7, ka duba sikirin. In kana da filtar CPL, gilashin nan da ake ɗaura wa bakin lenis, ka yi hankali da ita a nan, tana da amfani wajen cire ƙyallin ganye da ƙara shuɗin sama, amma in ka murza ta da yawa zata goge inuwar ginin da ke cikin ruwa, wadda ita ce rabin hoton. Byodo-in a Uji, babban zaurensa na 1053 ne, gabas yake kallo, saboda haka shi ma na safe ne, kuma shi ne ginin da ke jikin kwabonsu na yen 10, kowa yana ɗaga kwabon a gabansa ya ɗauka, nima na yi, ba zan hana ka ba.

A Nara akwai Todai-ji, a cikinsa akwai mutum-mutumin Buda na tagulla mai tsayin kusan mita 15 da aka ƙaddamar a 752, zauren da ya rufe shi na yanzu na 1709 ne. Nan an yarda ka ɗauki hoto a ciki amma ban da ƙafar kyamara. Duhu ne, ka ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, ka koma 18 inda lenis ɗin ya fi buɗewa, ka manna gwiwar hannu a jikinka, ka saki numfashi sannan ka danna, ka yi uku a jere ɗaya zai tsaya. Filash ka kashe shi, ba zai kai ko'ina ba sai damun mutane. A irin wannan wuri wayarka ma tana iya fin kyamarar, saboda tana haɗa hotuna da yawa ta fitar da ɗaya. Kuma a nan kar ka jira mutane su watse, ka bar mutum ɗaya ko biyu a gindin ginshiƙi, in babu su wanda ke gida ba zai taɓa gane girman abin ba. Sanjusangen-do a Kyoto kuma, mai mutum-mutumi 1,001 a jere, an hana hoto a ciki kwata-kwata, kuma da gaske suke. Wurare da yawa haka ne, lambu da waje ka ɗauka, cikin zaure a'a, ka duba alamar kyamara mai jan layi a bakin ƙofa. Ni an taɓa tsayar da ni a wani wurin na kafa ƙafar kyamara a kan baranda, wani dattijo ya zo ya haɗa hannayensa biyu ya yi min alamar gicciye yana murmushi yana sunkuyawa, kunyar da na ji ta fi ta zagi, tun daga ranar na daina yawo da ita a Kyoto, dama galibin wuraren sun hana. Wanda ya sunkuya yana ibadarsa kar ka sa masa kyamara a fuska, ka tuna yadda kake ji in baƙo ya shigo masallaci yana ɗaukar mutane suna sujada. Ka sa safa mai kyau mara huji don cire takalmi ba ya ƙarewa.

Sauran 'yan abubuwa. A unguwar Gion ta Kyoto tun 2019 an hana hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, tarar yen 10,000 aka rubuta a allon, kuma kar ka bi matan nan masu kwalliyar gargajiya da kyamara. Diron, jirgin nan mara matuƙi na ɗaukar hoto, ka bar shi a gida, cikin birane sai da izini kuma duk wanda ya kai giram 100 sai an yi masa rajista. Soket ɗinsu mai baki biyu ne falle-falle, wutar kuma 100 ce, cajojin waya da kyamara yawanci suna ɗauka, ka dai duba jikinsu ka sayi adafta. Batir biyu, sanyi yana shanye shi da wuri, ɗayan ka sa a aljihun ciki ya ji ɗumin jiki, fawa bank kuma a jakar hannu ba a cikin akwatin da za a auna ba. Kowane dare ka kwafe hotunan zuwa waya ko kwamfuta kafin ka kwanta, kar ka goge komai a kan ƙaramin sikirin ɗin kyamara don yana ƙarya.

Barewar Nara kuma, sun fi 1,000 suna yawo a sake a hanyar Todai-ji, kuma ba su da kunya ko kaɗan, ni wata ta zaro min taswira daga aljihun baya tana taunawa ina can ina saita hoto. Duk takarda ka sa a jaka ka zuge. Biskit ɗin da ake sayarwa don su in ka saya ka ba abokin tafiyarka ya riƙe, kai ka ja gefe ka durƙusa daidai tsayin idonsu a 55, shota 1/500, ka jira lokacin da suka yi masa rumfa.